Agogo a Hannun Hukuma: Wajibcin Sabunta Kundin Lokaci a Sabobinmu

 

Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, da suka ba ni damar yin magana a kan wani ɗan aiki da ba a cika waiwayarsa ba a ofisoshinmu, wato sabunta bayanan shiyyoyin lokaci a kan saba, babbar kwamfutar nan da ke ɗaki mai sanyi tana yi wa sauran na'urori hidima dare da rana. Abu ɗaya nake so mu tashi da shi a yau. Ƙarfe nawa ne a wani gari, hukunci ne na gwamnatin ƙasar da garin yake, gwamnati kuwa tana sauya shawara, wani lokaci cikin kwana biyu. Saba ba ta jin labarai. Abin da aka faɗa mata na ƙarshe, shi take riƙe da shi ko da ya shekara biyar. Sanar da ita sabon hukunci amana ce da ke wuyan mai kula da ita.

Mu da ba ma taɓa agogonmu

Na san abin da wasunku ke rayawa: mu ina ruwanmu? Gaskiya ne, Najeriya tana awa ɗaya gaba da agogon GMT tun 1919, kuma ba ma matsar da agogo gaba ko baya da shigowar wani yanayi. Haka Nijar da Chadi da Kamaru, haka Ghana da ke kan GMT ɗin kansa, haka Saudiyya da ke gabanmu da awa biyu a kowane wata na shekara. Muna kusa da tsakiyar duniya, tsawon yini da dare ba sa nisa da juna sosai, don haka dabarar ba ta da wani amfani a wurinmu.

To amma duk mai zuwa gidan kallon ƙwallo ya san wani abu. Wasan Firimiyar Ingila da ake take wa da ƙarfe 3 na yammacin Asabar, a watan Agusta da ƙarfe 3 muke kallonsa a Kano. Da zarar an shiga Nuwamba, sai ya koma ƙarfe 4. Agogonmu yana nan inda yake, na Landan ne ya ja da baya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Mai gidan kallo yana gyara allonsa da alli. Sabar banki, da ta kamfanin shirya tafiye-tafiye, da ta makarantar da ke karatu ta intanet, su ma dole wani ya gyara musu nasu allon, domin kullum suna hulɗa da Landan da Alƙahira da New York da Casablanca. Kuɗin da ɗanmu na Amurka ya turo gida, da tikitin mai tafiya Umara ta Masar, da taron da ma'aikaci zai shiga da abokan aikinsa na Turai, duk suna ratsa agogon wasu.

Asalin matsar da agogo

Dabarar ta samo asali ne daga ƙasashen da rana ke fitowa da wuri ƙwarai a lokacin bazara. Wani Bature mai sana'ar gine-gine, William Willett, ya yi ta fafutukar a karɓe ta a Ingila tun 1907, amma Jamus ce ta fara aiwatar da ita a faɗin ƙasa, ranar 30 ga Afrilun 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, don tsimin gawayi. Makonni kaɗan bayan haka Birtaniya ta bi sahu. Ana tura agogo gaba da awa ɗaya a farkon bazara, a dawo da shi baya idan hunturu ya gabato.

Da a ce ƙa'ida ɗaya ce a duk duniya, da tuni an rubuta ta sau ɗaya an huta. Tarayyar Turai tana canzawa a Lahadin ƙarshe ta Maris da Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Amurka kuwa, tun 2007, tana farawa a Lahadi ta biyu ta Maris, ta ƙare a Lahadin farko ta Nuwamba. Saboda haka akwai makonni biyu ko uku a kowane Maris da tazarar New York da Landan ke komawa awa 4 maimakon 5. Wannan canji na 2007 ya fito ne daga dokar makamashi da majalisar Amurka ta zartar a 2005, kuma duk da an ba da wa'adi mai tsawo, sai da kamfanoni suka yi ta aikin gyara na'urori, domin kowace kwamfutar da aka haɗa kafin dokar tana jiran Lahadin farko ta Afrilu ne, kamar yadda aka saba a da.

Bayan haka ƙasashe ba su zauna wuri ɗaya ba. Rasha ta tsaya a kan agogon bazara a 2011, ta koma na hunturu a 2014. Turkiyya ta daina canzawa a 2016, Brazil a 2019, Iran da Jordan da Siriya da mafi yawan Meziko a 2022. Masar da ta yi watsi da tsarin ta dawo da shi a 2023. 'Yan'uwanmu Hausawan Sudan sun ga nasu: a Janairun 2000 gwamnati ta tura agogo gaba da awa ɗaya, ta dawo da shi ranar 1 ga Nuwamban 2017. Sudan ta Kudu ba ta bi su ba sai ranar 1 ga Fabrairun 2021.

Kundin da duniya ta dogara da shi

Ta yaya kwamfuta ke sanin duk wannan? A cikinta, daƙiƙoƙi kawai take ƙirgawa. Na'urorin Unix da Linux suna lissafin daƙiƙa nawa suka shuɗe tun daga 1 ga Janairun 1970 bisa agogon UTC, wanda a aikinmu na yau da kullum daidai yake da GMT ɗin da muka saba ji a rediyo. Idan za ta nuna wa mutum ƙarfe nawa ne a garinsa, sai ta buɗe wani kundi ta duba awa nawa za ta ƙara ko ta rage.

Sunan kundin tz, a kan sabobinmu kuma yana zuwa cikin ƙunshin da ake kira tzdata. Arthur David Olson, ma'aikacin cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, shi ya kafa shi a shekarun 1980 a matsayin aikin sa-kai, daga baya Paul Eggert, malami a Jami'ar California da ke Los Angeles, ya zama mai kula da shi. An tsara shiyyoyin ne da sunan nahiya da babban birni: Africa/Lagos, Africa/Niamey, Africa/Khartoum, Africa/Cairo. An zaɓi birane domin ƙasashe suna rabuwa, suna sauya suna, birni kuwa yana nan. A ƙarƙashin kowane suna akwai tarihin agogon wurin, da ƙa'idar da ake sa ran za a bi a gaba.

A 2011 duniya ta ga irin nauyin da ke kan wannan kundi. Wani kamfanin manhajar taurari mai suna Astrolabe ya kai Olson da Eggert ƙara bisa zargin sun ɗebi bayanai daga littafin da yake da haƙƙin mallakarsa. A watan Oktoba aka rufe inda ake sauke kundin. Cikin kwanaki hukumar ICANN ta karɓi riƙonsa a ƙarƙashin sashenta na IANA, kamfanin kuma ya janye ƙarar a Fabrairun 2012. Tun daga nan IANA ke fitar da kowane sabon bugu, da lambar shekara da harafi: 2023a, 2023b, 2023c, haka har shekara ta ƙare. Wayoyin Android da na Apple da kusan kowace sabar Linux daga wannan rijiya suke sha. Windows yana da nasa jadawalin, wanda Microsoft ke gyarawa ta hanyar sabuntawar da yake turowa.

Akwai kuskuren fahimta da ya kamata mu kawar a nan. Sau da yawa za ka ji injiniya ya ce, "Ai sabarmu tana kan NTP, agogonta ba ya kuskure." NTP yana daidaita ƙirgen daƙiƙoƙi ne da UTC, iyakarsa ke nan. Bai san Masar ta yi sabuwar doka ba. Saba mai NTP da tsohon tzdata tamkar mutum ne mai agogon hannu na ƙwarai da ke duba jadawalin jirgin ƙasa na bara. Agogonsa bai yi ƙarya ba, amma jirgi zai tafi ya bar shi.

Mako guda a Lebanon

Bari mu dubi abin da ya faru a Lebanon a Maris na 2023, domin ya tara darussan duka. Bisa al'ada ƙasar za ta tura agogo gaba a daren Asabar 25 ga wata, wayewar Lahadi. Ranar Alhamis 23 ga wata, kwana biyu kacal kafin lokacin, gwamnatin Firaminista Najib Mikati ta sanar da ɗage canjin zuwa 20 ga Afrilu. Azumin Ramadan ya kama a makon, kuma an fahimci manufar ita ce masu azumi su sha ruwa wajen ƙarfe 6 maimakon 7 a agogo, duk da cewa tsawon yinin bai ragu ba.

Cocin Maronawa, mafi girma a ƙasar, ta ce ba za ta bi ba. Wasu gidajen talabijin da makarantu suka tura agogonsu gaba, ma'aikatun gwamnati suka bar nasu. Aka wayi gari Lahadi ƙaramar ƙasa tana da lokaci biyu. Wayoyi da yawa sun yi gaba da kansu, saboda kundin da ke cikinsu bai san da sanarwar ba. Masu kula da kundin tz sun fitar da bugun 2023a ranar 22 ga Maris, suka fitar da 2023b washegari don shigar da hukuncin Lebanon. Ranar Litinin 27 ga wata majalisar ministoci ta janye, ta ce a canza agogo a daren Laraba. Ranar 28 aka fitar da 2023c. Bugu uku cikin mako ɗaya. Duk mai sabar da ke hulɗa da Beirut a makon nan, idan ya yi barci ya makara, idan ya sabunta sau ɗaya ya tafi hutu, nan ma ya makara.

Kada a ɗauka Lebanon ce kaɗai. A Yulin 2016 Masar ta soke agogon bazara ana saura kwanaki kaɗan ya fara. A 2015 Turkiyya ta ɗage komawa agogon hunturu daga 25 ga Oktoba zuwa 8 ga Nuwamba saboda zaɓen 1 ga Nuwamba, na'urori da yawa kuwa suka koma a ranar da suka sani. A Oktoban 2018 Maroko ta yanke zama a kan awa ɗaya gaba da GMT ana saura kwana biyu a ja agogo baya, da tsarin komawa GMT a watan Ramadan. Tunda Ramadan yana bin wata, masu kundin sun yi hasashen ranakun har zuwa 2087, suna kuma gyarawa idan sanarwar hukuma ta saɓa wa hasashen. Masu kundin suna roƙon gwamnatoci su riƙa ba da sanarwa shekara guda kafin canji. Kun dai ji yadda ake amsa roƙon.

Inda ɓarnar take faɗowa

Mu ɗauki misali kusa da gida. A ce ɗalibi a Kano yana ɗaukar darasi ta intanet wurin malaminsa a Alƙahira, a watan Mayun 2023. Malam ya sa darasi ƙarfe 10 na safe agogon Masar. Tun ranar Juma'a 28 ga Afrilu Masar ta koma awa 3 gaba da GMT, wato ƙarfe 8 ke nan a Kano. Sabar makarantar kuwa tana ɗauke da kundin 2022, wanda ya san Masar a awa 2. Sai ta aika wa ɗalibi saƙo cewa darasi ƙarfe 9 ne. Ya yi wanka, ya karya, ya buɗe kwamfuta da ƙarfe 9 daidai, ya tarar an shafa fatiha. Babu ƙararrawar da ta buga a ɗakin saba, babu jan rubutu a allon kowa. Na'ura ta yi lissafinta daidai bisa abin da ta sani. Wannan shi ne haɗarin irin wannan matsala: ba ta kayar da saba, amsar ƙarya take bayarwa cikin natsuwa. Ku cire ɗalibi ku sa fasinjan jirgi, ko ma'aikacin banki mai jiran rufe kasuwar musayar kuɗi, ku ga girman asarar.

Sai kuma daren canjin kansa. A Amurka, ranar da aka tura agogo gaba, daga 1:59 sai a tsallaka zuwa 3:00. Ƙarfe 2:30 babu shi a wannan dare. Ranar da aka dawo da shi, daga 1:59 sai a koma 1:00, don haka 1:30 yana zuwa sau biyu. Yanzu ku tuna yawancinmu a irin wannan tsakar dare muke sa ayyukan da saba ke yi da kanta ta hanyar cron: kwafe bayanai don ajiya, rufe lissafin yini, tura albashi. Wasu nau'o'in cron suna da dabarar kauce wa wannan rami, wasu ba su da ita. Aikin 2:30 zai iya ƙin gudana, na 1:30 zai iya gudana sau biyu. Idan aikin cire kuɗi ne daga asusun mutane, kun san irin layin da za a tarar da safe. Da yawa daga cikin sabobin da muke haya suna Turai ko Amurka, wasu kuma an bar su a kan agogon garin da suke.

Abin da ya kamata mu riƙa yi

Na farko, a bar agogon saba a kan UTC. Rajistar ayyukanta da ayyukan tsakar dare duk su bi UTC, wanda ba ya gaba ba ya baya. A mayar da lokaci zuwa na gari a wurin da ɗan'adam zai karanta shi kawai.

Na biyu, a bambanta abin da ya wuce da abin da ke tafe. Cinikin da aka yi jiya, a adana shi da UTC, ya zauna har abada. Amma alƙawarin da ke gaba, kamar ganin likita a Alƙahira ƙarfe 10 na safe bayan wata shida, a adana shi da lokacin garin tare da sunan shiyyar, Africa/Cairo. Idan ka mayar da shi UTC tun yau, gwamnati ta sauya doka gobe, lissafinka ya tashi, alhali likita yana nan a kan ƙarfe 10 ɗinsa. Kuma a guji rubuta tazara da hannu a cikin manhaja, irin "a ƙara awa 2". Sunan shiyya shi ke bin doka duk inda ta juya.

Na uku, a sabunta tzdata, a kuma san cewa ba kwafi ɗaya ne a gidan ba. A nan ne ƙwararru ma suke tuntuɓe. Ka sabunta ƙunshin da apt ko dnf, fayilolin da ke /usr/share/zoneinfo sun zama sababbi, ka ɗauka an gama. Amma Java tana ɗauke da nata kwafin, wanda sai an sabunta ita kanta ko an yi amfani da TZUpdater. MySQL yana ajiye shiyyoyi a cikin teburansa, sai an sake loda su da mysql_tzinfo_to_sql. PostgreSQL yana iya zuwa da nasa, ya danganta da yadda aka haɗa shi. PHP da Node.js da ɗakin karatun pytz na Python kowanne da nasa. Kowace kwantenar Docker kuma tana riƙe da kundin ranar da aka gina ta, sai an sake gini. Ku zauna ku rubuta jerin duk wuraren nan a takarda ɗaya, ku ajiye inda wanda zai gaje ku zai gani.

Na huɗu, bayan sabuntawa a sake kunna manhajojin da suka daɗe suna gudana. Da yawansu sau ɗaya suke karanta kundin, lokacin da suka tashi, su riƙe shi a ƙwaƙwalwa. Fayil sabo ne a faifai, manhaja tana aiki da tsoho.

Na biyar, a gwada, kada a yi zato. Umarnin zdump yana nuna ranakun canji na kowace shiyya. Idan ka rubuta zdump -v -c 2023,2024 Africa/Cairo a sabar da ke da sabon kundi, za ka ga layin da ke cewa ƙarfe 10 na daren 27 ga Afrilu a UTC ya zama ƙarfe 1 na daren 28 a Alƙahira. Idan ba ka ga wannan layi ba, kundinka ya tsufa. Aikin minti ɗaya ne. Sannan ka yi wa Java da rumbun bayananka irin wannan tambaya, ka ga ko bakinsu ya zo ɗaya.

Na shida, a sa wa aikin mai shi. Abin da aka bar wa kowa, babu mai yinsa. A ɗora wa mutum ɗaya alhakin bibiyar sanarwar IANA, a kuma sa dubawa a kalandar ofis a watan Fabrairu da Satumba, kafin guguwar canje-canjen Maris da Oktoba, da kuma gabanin Ramadan saboda ƙasashen da ke taɓa agogo a watan. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ina da magana ta musamman ga shugabannin ma'aikatu da ke wannan zaure. Akwai ɗabi'ar cewa saba tana aiki, kada a taɓa ta. Na fahimci tsoron, domin sabuntawa takan zo da nata rikicin. Amma tzdata bayanai ne zalla, yana cikin ƙunshi mafi sauƙin sabuntawa, kuma ana iya yinsa shi kaɗai ba tare da an taɓa sauran ba. Idan injiniyanku ya nemi rabin awa don wannan aiki, ku ba shi. Idan kuma sabar ta tsufa har masu ita sun daina turo mata gyara, to matsalarku ta wuce ta agogo, lokacin ƙaura ya yi.

Ga ɗalibai kuma, ku da za ku rubuta manhajojin da asibitocinmu da bankunanmu da hukumomin alhazanmu za su yi aiki da su nan gaba: kada ku rubuta lissafin lokaci da kanku. Ku yi amfani da kundin da mutane suka shafe shekara kusan 40 suna tacewa, ku kuma tsara manhajarku yadda za a iya sabunta shi ba tare da an rushe komai ba. Mutumin da zai dogara da aikinku ba zai taɓa jin sunan tzdata ba. Abin da ya sani shi ne an ce masa ƙarfe 9, ya kuma yarda. Wannan yarda ita ce muke karewa.

Roƙona gare ku, gobe idan kun isa ofis, kafin ku buɗe wasiƙu, ku duba bugun tzdata da ke kan sabarku, ku kwatanta da na ƙarshe da IANA ta fitar. Idan sun yi daidai, madalla. Idan akwai tazara, kun san aikin da za ku fara da shi.

  Allah Ya sa mu amfana da abin da muka ji, Ya ba mu ikon riƙe amanar da aka damƙa mana.